Zomon Gida da Matsalar Ƙiba

Sharhin yau ya shafi dabbar da Bahaushe ya fi sani a tatsuniya da fagen farauta da kuma cikin tukunya, amma wadda a ƙasashen Turai da Amurka ta koma abokiyar zama a cikin gida, ana raɗa mata suna, ana kai ta wurin likita kamar yadda ake kai kyanwa ko kare. A Birtaniya kaɗai ana ƙiyasta cewa zomayen da ake ajiyewa don sha'awa sun kai kusan miliyan 1, abin da ya sa zomo yake bin bayan kare da kyanwa a jerin dabbobi masu shayarwa da ake zama da su a gida, kuma a Amurka tun shekarar 1988 aka kafa ƙungiyar House Rabbit Society a Kalifoniya domin koya wa mutane yadda ake riƙon zomo a cikin ɗaki. Daga cikin matsalolin da likitocin dabbobi na waɗannan ƙasashe suke yawan kokawa a kansu akwai ƙiba, wato taruwar kitse fiye da abin da jiki yake buƙata, kuma tun da a biranen ƙasar Hausa ma ana samun gidajen da ake saya wa yara zomo don sha'awa ba don yanka ba, batun ya cancanci mai sauraro ya ba shi kunne.

Kalmar zomo a Hausa ta haɗa dabbobi biyu da masana suka bambanta. Zomon dajin da mafarauta suke kora da karnuka a lokacin rani, mai dogayen ƙafafu wanda yake kwana a fili ba ya haƙa rami, jinsinsa daban ne. Zomon gida kuwa, kowane irin launi ko girma yake da shi, tsatsonsa guda ne, shi ne zomon ramin Turai wanda asalinsa yankin Sifaniya da Fotugal da kudancin Faransa ne, ƙasar da rani yake busar da ita har ciyawarta ta zama mai tauri marar maiƙo. A kan irin wannan ciyawa aka gina jikinsa, kuma shekaru aru-aru na kiwo sun sauya masa launin gashi da tsawon kunne da nauyi, amma ba su taɓa tsarin cikinsa ba. Zomon da yake kwance a kan kafet a birnin Landan yana ɗauke da hanjin dabbar da aka halitta don ta wuni tana tsinkar abinci mai yawa marar ƙarfi.

Sirrin wannan ciki yana cikin wata babbar jaka da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babban hanji, wadda za a iya kira jakar hanji, kuma ita ce mafi girman sashe a duk kayan cikin zomo. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa waɗanda aikinsu shi ne ruɓar da ciyawa su fitar da amfaninta. Idan abinci ya iso babban hanji sai a tankaɗe shi gida biyu: manyan zare-zaren ciyawa, waɗanda masana suke kira faiba marar narkewa, su wuce kai tsaye su fita a matsayin busasshen kashin nan mai kama da ƙwayar wake, wanda lafiyayyen zomo yakan zubar da ɗaruruwansa a rana, ƙananan ɓarɓashi kuma a tura su baya zuwa cikin jakar domin su ruɓe. Wanda bai san lamarin ba zai ɗauka zaren da ya fita ba tare da ya narke ba asara ce, alhali shi ne yake tura hanjin ya riƙa motsi, kuma ranar da ya yi ƙaranci a cikin abinci ranar ce cikin zomo yake fara sanyi.

Abin da ya ruɓe a cikin jakar yana fitowa ne a wani lokaci na daban, galibi cikin dare ko da asuba, a matsayin tattausan kashi mai sheƙi da wari, dunƙule kamar nonon inabi, lulluɓe da yauƙi. Zomo yakan sunkuya ya karɓe shi da baki tun daga mafita kafin ya taɓa ƙasa, ya haɗiye ba tare da ya tauna ba, domin a cikinsa ne yake samun bitamin B da bitamin K da furotin ɗin da ƙwayoyin halittar nan suka sarrafa. Mai sauraro yana iya jin ƙyanƙyami, amma a wurin zomo wannan daidai yake da tuƙar da saniya take yi, hanya ce ta cin abinci sau biyu domin a tatse shi sarai. A nan ne kuma ƙiba take fara nuna illarta, saboda zomon da taiɓa ta cika masa ciki, tattarar fatar da ke ƙarƙashin haɓarsa ta yi kauri, ba ya iya lanƙwasawa ya kai bakinsa inda ya kamata. Tattausan kashin sai ya manne a gashin ƙarƙashin wutsiya, ya haɗu da fitsari, ya daskare, fatar wurin ta yi ja ta saluɓe. Koren ƙuda yana jin warin ya zo ya yi ƙwai, ƙwan kuma a lokacin zafi yakan ƙyanƙyashe cikin ƙasa da kwana guda, tsutsotsin su shiga cin naman dabbar tana raye. Likitocin Birtaniya suna ganin wannan a kowane lokacin zafi nasu, kuma ba sai an faɗa wa mazaunin Kano ko Maraɗi yadda ƙuda yake a damina ba.

Sauran illolin ba su kai wannan muni a ido ba, amma suna cin dabbar a hankali. Zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai ya rufe masa diddige, don haka idan nauyi ya yi yawa, musamman a kan kejin waya ko daɓen siminti, gashin yakan zube, fatar ta fashe, gyambo ya kama wanda yake iya kaiwa ga ƙashi. Ƙasusuwansa ma ba su da nauyi, ba su wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, wato ba a yi su don ɗaukar kaya ba, shi ya sa ciwon gaɓoɓi da na baya suke saurin kama mai ƙiba. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwansa yake rage zafi, kuma yakan fara galabaita tun zafi bai wuce digiri 30 a ma'aunin Salshiyos ba, to ina ga wanda kitse ya lulluɓe a bazarar da zafi yake haura digiri 40. Macen da ta yi ƙiba takan sha wahala wajen ɗaukar ciki da haihuwa, kuma likita yakan yi ɗari-ɗari kafin ya sa wa zomo mai kitse maganin barci domin tiyata.

Tushen matsalar shi ne cewa ilimin ciyar da zomo ya taso ne daga kiwon nama da na gashi, ba daga riƙon dabbar sha'awa ba. Makiyayin da yake kiwo don kasuwa burinsa ɗan zomo ya kai kimanin kilo 2 a cikin makonni 10 zuwa 12 a yanka shi, kuma don biyan wannan buri ne aka ƙirƙiro felet, wato garin hatsi da ganye da ake cura shi ƙanana-ƙanana a masana'anta domin dabba ta sami ƙarfi mai yawa a cikin loma kaɗan. Babu laifi a wannan dabara a inda ta dace, kamar yadda babu laifi a ɗure ragon layya da dusa da harawa na 'yan watanni tun da an san ranarsa. Zomon sha'awa kuwa ana sa ran zai yi shekara 8 zuwa 12 a duniya, sau da yawa an yi masa fiɗiya, abin da yake rage buƙatar jikinsa ta abinci, kuma yana zaune wuri guda ba ya gudun kowa. Ciyar da irin wannan dabba da abincin turka tsawon shekaru shi ne kuskuren da akasarin masu zomo suke yi ba tare da sun sani ba, kuma suna yin sa ne saboda ƙauna, domin a idon mutane da yawa, a Turai ko a nan, dabbar da ta yi ɓul-ɓul ita ce shaidar mai ita yana kula da ita.

Wani bincike da aka gudanar a makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Edinbura a Sukotland ya fito da lamarin fili. Masu binciken sun raba zomaye 32 na jinsin Holan gida huɗu, wasu aka ba su busasshiyar ciyawa zalla, wasu felet da ciyawa, wasu gaurayen hatsi mai launi-launi da ake sayarwa a shaguna tare da ciyawa, na ƙarshe kuma gaurayen hatsin kaɗai. Waɗanda suka rayu a kan gaurayen hatsi zalla su ne suka yi ƙiba, suka riƙa barin tattausan kashinsu ba su ci ba, suka rage shan ruwa, haƙoransu kuma suka fara nuna alamun lalacewa. Wani abin lura shi ne zomo yana da zaɓe kamar ɗan yaye, idan aka zuba masa gauraye sai ya tsince masu zaƙi da masu sitaci ya bar masu zare, mai shi kuma ya ga kwano ya ragu ya ƙara cikawa. Bayan bayyanar sakamakon ne wasu manyan shagunan kayan dabbobi a Birtaniya suka daina sayar da wannan gauraye. Shi ma karas ɗin da duniya ta ɗauka abincin zomo ne ya yi wannan suna ne ta dalilin zanen barkwanci na Bugs Bunny wanda ya fara fitowa a Amurka a 1940, alhali zomon daji ba ya tonon saiwa ya mayar da ita abincinsa, kuma sukarin da ke cikin karas ya sa matsayinsa a wurin zomo bai wuce na alewa a wurin yaro ba.

Kafin a ce zomo ya yi ƙiba sai an taɓa shi, domin gashi yana yaudarar ido, sikeli kuma shi kaɗai ba ya wadatarwa saboda jinsunan sun bambanta ƙwarai: wadan zomon Holan bai fi kimanin kilo 1 ba, farin zomon da ake kira Niyu Zilan, wanda duk da sunansa a Amurka aka samar da shi kuma yana cikin waɗanda makiyayan Nijeriya suka sani, yakan kai kilo 4 zuwa 5, ƙaton zomon Filandas kuma yana wuce kilo 6 ba tare da an ce ya yi kitse ba. Likitoci suna amfani da ma'auni mai hawa 5, inda hawa na 1 yake nufin rama, na 3 daidai, na 5 ƙiba mai tsanani. Ana ajiye zomon a ƙasa, a shafa tafin hannu a hankali a bayan kafaɗunsa inda haƙarƙari yake, sannan a bi ƙashin baya zuwa ƙugu. A jikin zomon da yake daidai za a ji ƙasusuwan a sauƙaƙe amma da laushi a kansu, kamar yadda mutum yake jin alƙalami a cikin aljihun riga. Idan suna sukar hannu zomon ya rame, idan kuwa sai an danna kafin a ji su, ko ba a ji su sam, gindin wutsiya ya yi tudu, to kitse ya yi yawa. Haƙarƙari ya fi sauran wuraren faɗin gaskiya, domin tattarar fatar haɓa halitta ce a jikin manyan mata na wasu jinsuna ko da ba su yi ƙiba ba.

Wanda ya gano zomonsa ya yi nauyi, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya rage masa abinci ko ya bar shi da yunwa na wuni guda, kuma wannan shi ne mafi hatsarin abin da zai iya yi. Cikin zomo ba a yi shi don ya zauna wayam ba. Idan abinci ya daina shiga, motsin hanji yakan tsaya, iska ta taru, ciwo ya hana shi ci, rashin cin kuma ya ƙara tsayar da hanjin, ga shi zomo ba ya iya amai balle ya sami sauƙi ta nan. A jikin mai ƙiba akwai ƙarin bala'i, domin da zarar jiki ya ji yunwa sai ya kwaso kitsen da ya tara ya aika wa hanta domin ta mayar da shi makamashi, kitsen ya fi ƙarfinta ya cushe ta, abin da likitoci suke kira kitsewar hanta, kuma yana iya kashe dabbar cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ne ake ɗaukar zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba a matsayin marar lafiyar da ake gaggauta kaiwa wurin likita. Zomon da ake son ya zubar da kitse dole ne bakinsa ya ci gaba da motsi dare da rana, abin da ake sauyawa shi ne abin da yake taunawa.

Tsarin da ƙungiyoyin kula da zomaye na Birtaniya suke bayarwa shi ne kimanin kashi 85 cikin 100 na abincin ya zama ciyawa, ɗanya ko busasshiya, kashi 10 ganyaye, kashi 5 kacal felet. A aikace ana ba shi ingirici, wato busasshiyar ciyawa, tulin da ya kai girman jikinsa kowace rana, kuma ba a bari ya yanke. Amfanin ciyawar bai tsaya ga ciki ba, domin haƙoran zomo 28 ne kuma dukkansu suna tsiro muddin yana raye, na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako, kuma niƙan ciyawa da matauna suke yi gefe zuwa gefe shi ne yake goge su. Sai dai ba kowace busasshiyar ciyawa ce ta dace ba. A Turai da Amurka ana bambanta ciyawa ta ainihi, kamar wadda suke kira timoti, da ganyen alfalfa wanda dangin wake ne, mai yawan furotin da kalsiyam, wanda ake ware wa ƙananan zomaye masu tasowa da mata masu shayarwa. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai zomo a ƙasar Hausa, saboda abin da ya fi samuwa a kasuwa shi ne harawar wake da ta gyaɗa, su kuma dangin alfalfa ne a wannan fuska. Jikin zomo yana tsotse kalsiyam gwargwadon yawan da ya ci, ya zubar da rarar ta fitsari, idan ta yi yawa kuma zomon ba ya motsi sai ta kwanta a mafitsara kamar farar ƙasa ko ta zama tsakuwa. Babban zomo mai ƙiba ya fi buƙatar ciyawar daji irin kiri-kiri da harkiya da kyasuwa da aka yanka tun kafin ta tsufa aka shanya a inuwa, harawa kuma ta zama ɗan ƙari. Duk abin da ya yi fumfuna, musamman harawar gyaɗar da ruwa ya taɓa, a zubar da shi, domin zomo yana cikin dabbobin da gubar fumfuna take saurin illata wa hanta.

Game da felet, ƙungiyar RSPCA ta Ingila tana ba da shawarar kada ya wuce giram 25 ga kowane kilo na nauyin zomo a rana, kuma ga mai ƙiba ana lissafin ne da nauyin da ake son ya koma, ba wanda yake da shi yanzu ba, wasu likitocin ma sukan rage ƙasa da haka. Inda dusa ce take zaman felet, hukuncinsu guda ne, a auna ta da cokali maimakon a cika kwano. Burodi da biskit da masara da ragowar tuwo ba su da gurbi a wannan tsari, domin sitacin da ya wuce ƙaramin hanji bai narke ba yakan isa jakar hanji ya rikita ƙwayoyin da ke cikinta, masu cutarwa su rinjayi masu amfani, zawo ya biyo baya. Ganyaye kuwa cikin hannun babban mutum ya isa a rana, a gauraya iri-iri kamar kabeji da ganyen karas da na dankalin Hausa da ɗan zogale, a wanke su, a kuma tabbata ba a fesa musu maganin ƙwari ba. Albasa da fiya da ganyen dankalin Turawa guba ne gare shi. Ruwa ya kasance a buɗaɗɗen kwano mai nauyi, domin zomo ya fi sha a kwano fiye da kwalba mai bututu.

Duk wannan sauyi ana yin sa ne a cikin makonni 2 zuwa 4, ana rage tsohon abinci kaɗan-kaɗan, saboda ƙwayoyin jakar hanji suna buƙatar lokaci kafin su saba da sabon abu. Zomon da ya girma a kan hatsi yana iya ƙin ciyawa da farko, kuma kafin a ce taurin kai ne ya kamata likita ya leƙa bakinsa, domin mataunan da suka yi tsini suna yankar harshe da kumatu su hana shi tauna abu mai tauri. Ana auna shi sau ɗaya a mako, rana guda kuma lokaci guda, a sa shi cikin kwando a ɗora a sikelin kicin a cire nauyin kwandon, a rubuta a littafi. Raguwar da ake nema ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako ba, wato zomo mai kilo 3 ya rage giram 30 zuwa 60, nauyin da bai fi na ƙwan kaza ba, don haka wanda yake da rarar rabin kilo zai ɗauki watanni kafin ya dawo daidai. Tsakanin awo da awo, kashinsa ne yake ba da labari: manya, zagayayyu, masu haske, waɗanda idan aka murƙushe su ake ganin ɓarɓashin ciyawa, alama ce ta lafiya, ƙanana baƙaƙe masu tauri ko raguwar yawansu kuwa gargaɗi ne cewa an yi gaggawa.

Motsa jiki shi ne ɗaya ɓangaren, kuma a nan akurkin gargajiya da ake jingina a bango ya gaza. Ƙungiyar Rabbit Welfare Association and Fund ta Birtaniya tana neman a ba zomaye biyu fili mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 da tsayin mita 1 wanda za su iya shiga a kowane lokaci, domin zomo ya fi kuzari da asuba da kuma almuru, lokutan da mai gida yakan kasance yana barci ko yana wata hidima. Ba a korar zomo mai ƙiba da sunan motsa jiki, saboda tsoro da zafi suna iya tsayar masa da zuciya. Dabarar ita ce a sa shi ya nemi abincinsa, a watsa ɗan felet ɗinsa a cikin tulin ciyawa, a rataye ganye inda sai ya miƙe tsaye zai kai, a ajiye ruwa a wani lungu ciyawa a wani, a ba shi kwali mai ƙofa biyu da kwano mai faɗi cike da ƙasa domin ya yi tono.

Inda zomaye biyu suke zaune tare, ɗaya mai ƙiba ɗaya daidai, raba su kwata-kwata ba shawara ba ce, domin dabbobi ne masu son juna kuma kaɗaici yana hana su ci. Ana raba su ne na 'yan mintocin da za a ba su felet, kowa ya cinye rabonsa, sannan a mayar da su kan ciyawa tare. Gidan da yake da yara kuma yana da wata ƙofar da littafin awo ba ya gani, domin kowane yaro yana so zomon ya karɓi abu daga hannunsa, kuma guntun ayaba daga hannu huɗu ya isa ya rushe aikin mako guda. Abin da masu zomo da yawa suka ga yana aiki shi ne a auna rabon yini tun da safe a zuba a cikin ƙaramin gwangwani guda, duk mai son ba zomo wani abu ya ɗiba daga ciki, idan gwangwanin ya ƙare sai a jira gobe.